Hayaƙi da ƙara: yadda tsohuwar mota ke faɗin ciwonta

Wanga jawabi wani tsohon makanike na garin Tawa ya yi shi gaban ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci. Mun rubuta shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Ku karanta, kuma ku karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna.



An roƙe ni in yi muku magana bisa tsofaffin manyan motoci, waɗanda mu ke ce ma kamyo. Wani shina iya cewa: «Ni ba ni da mota, mi ya haɗa ni da wagga magana?» To, ku saurara. Albasar Tamaske da Kaita da Galmi, babbar mota ke kai ta Abijan da Akara. Bisashen Abalak da Cintabaraden, ita ke kawo su kudu. In hatsi ya yi wuya, ita ke kawo shi har ƙauye. Ran Lahadi, in za ku kasuwar Tawa, bisa kayanta da yawanku ke zama. In injinta ya mutu tsakar daji cikin bazara, ba mai mota kaɗai ke asara ba. Albasa ta ruɓe, tumaki su galabaita da ƙishirwa, mai ciwo shi kwana hanya bai kai likita ba.

Kuma injin babbar mota da injin niƙa na garinku da injin ban ruwa mai shan gazuwal, duk uwa ɗaya uba ɗaya ne. Abin da zan faɗi bisa ɗaya, ya shafi sauran.

Maganata guda ce. Inji ba shi mutuwa farat ɗaya. Kafin shi mutu, sai ya daɗe shina faɗin ciwonshi. Da hayaƙi shi ke faɗi, da ƙara shi ke faɗi. Wanda ya iya duba hayaƙi, ya iya sauraren ƙara, shina gyara da kuɗɗi kaɗan. Wanda bai kula ba, shi ke sayen sabon inji.

Motocinmu tsofaffi ne

Kun san Berliet, motar Faransa. Tun 1980 anka daina sa wanga suna bisa sabuwar mota. Ke nan duk Berliet da kunka gani bisa hanya ta wuce shekara 40. Kun san Mercedes mai gajeren hanci, ta Jamus. An fara ƙera ta a 1959, an daina a 1995. Waɗansu cikinsu suna bin hanyar Tawa zuwa Arlit tun lokacin da anka gama ta, wajen 1980.

Tsufa ba laifi ba ne. Waɗanga motoci babu kwamfuta cikin injinsu. Ido da kunne da hanci sun isa a gane mafi yawan ciwonsu. Kowa nan shina da waɗanga kayan aiki ukku.

Ku sani kuma, ƙarafan inji suna da suna biyu a ƙasarmu. Akwai sunan da ya fito daga Faransanci, akwai wanda ya zo daga Najeriya. Zan riƙa faɗin duka biyu, domin wanda za shi saye a Tawa da wanda za shi saye a Sakkwato ko Kano.

Yadda inji ke aiki

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙera irin wanga inji a 1897. Cikin inji akwai ramu kamar turame, sunansu silinda. Mercedes 1113 tana da guda 6. Cikin kowane turmi akwai fistan, shina hawa shina sauka kamar taɓarya. Bisa turamen akwai murfi, shi ne kan inji, wato kulas. Cikin kulas akwai ƴan ƙofofi na shigar iska da fitar hayaƙi, su ne sufaf, wato bawul.

Aikin fistan kashi 4 ne.

1. Shi sauka, shi jawo iska.
2. Shi hau, shi matse iskar ƙwarai. Matsi shi sa ta yi zafi fiye da digiri 500. Ku tuna, ruwa a digiri 100 shi ke tafasa.
3. Anjaktar, wato nozul, shi fesa gazuwal lallausa kamar hazo. Gazuwal shi kama wuta da kanshi, ba buji, shi tura fistan ƙasa. Nan ƙarfin mota ke fitowa.
4. Fistan shi sake hawa, shi kore hayaƙi ta salansa.

Abu 4 inji ke rayuwa da su: iska, gazuwal, baƙin mai, ruwa. Iska da gazuwal kaɗai ke da izinin shiga turmi. Baƙin mai aikinshi shafe ƙarafa kada su ci juna. Ruwa aikinshi sanyaya inji, shina kewayawa daga radiyatar, wato lagireto. Kowa da hanyarshi. In inji na da lafiya, ya yi zafi, da ƙyar a ke ganin hayaƙinshi. In kunka ga hayaƙi mai launi, ɗaya cikin huɗun nan ya gaza, ko ya shiga gonar da ba tashi ba.

Launin hayaƙi ukku ne: baƙi, shuɗi, fari.

Baƙin hayaƙi

Kun san fitilar kananzir. In anka ɗaga lagwani ya yi yawa, sai ta yi baƙin hayaƙi, ƙwai shi yi duhu. Mai ya fi iska yawa ke nan. Haka inji shi ke. Baƙin hayaƙi gazuwal ne da bai ƙone duka ba. Kuɗɗin mai mota ne ke fita ta salansa.

Inji maci iska ne. Lita 1 ta gazuwal tana bukatar iska wajen lita dubu 10 kafin ta ƙone da kyau. Cikin tano 50 ke nan, tano mai lita 200. Duk wagga iska ta matatar iska ta ke bi. Ku tuna da ƙurar hunturu, ku tuna da rairayin Azawak. Shi ya sa in kunka ga baƙin hayaƙi, matatar iska a ke fara dubawa. Nan gyara ya fi araha.

Matatar iska iri biyu ce. Tsofaffin motoci da yawa suna da mai kwanon baƙin mai. A sauke kwanon, a zubar da laka, a wanke, a zuba mai daidai zanen da ke jiki, kada shi wuce. Ɗaya irin ta takarda ce. Ita ba a wanke ta da gazuwal ko ruwa. A kakkaɓe ta a hankali, a hura iska daga ciki zuwa waje. A sa tocila cikinta a wuri mai duhu. In haske ya fito ta wata huda, ta gama aiki, sai sabuwa.

Waɗansu in matata ta toshe, sai su cire ta su ajiye, su ce mota ta samu numfashi. Wanga babban kuskure ne. Ƙura da baƙin mai in sun haɗu cikin turmi, sun zama dutsen wasa wuƙa. Cikin ɗan lokaci sun cinye inji.

In matata na da kyau, hayaƙi bai daina ba, a duba waɗanga:

Anjaktar ya tsufa, shina ɗigo maimakon feshi. A garaji a ke gwada shi.

An taɓa famfon gazuwal, an ƙara mishi mai don mota ta yi ƙarfi. Ƙarfin da a ke samu kaɗan ne. Shan mai da zafin inji su ke ƙaruwa.

In mota na da turbo, a duba tiyon iska ko ya fashe.

Lodi ya yi yawa. Motar tan 10 an ɗora mata 15, ga mutane bisa kaya, ga hawan duwatsun Kaita ko Buza. Direba kuma ya ƙi rage giya, sai taka totur. Nan ba inji ke da laifi ba.

Ɗan baƙin hayaƙi lokacin tashi da kaya ko canjin giya, wanda ke wucewa nan take, ba ciwo ba ne ga tsohuwar mota. Wanda ke bin mota kamar wutsiya bisa hanya miƙaƙƙiya, shi ne ciwo.

Shuɗin hayaƙi

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Shina da warin ƙonannen mai, kuma shina daɗewa cikin iska bai watse ba.

Jikin fistan akwai zobba, su ne sigma, wato ringi. Su ke tare baƙin mai kada shi hau cikin turmi. In sunka cinye, mai shi hau shi ƙone. Ga yadda a ke ganewa. A bar inji shi yi zafi, shina tafiya a hankali. A kwance murfin wurin zuba baƙin mai, a aza shi bisa bakin. In murfin na rawa, hayaƙi na bugowa kamar tukunya mai tafasa, zobba sun gaji.

In da safe kaɗai shuɗin hayaƙi ke fita, ya ɓace bayan ɗan lokaci, sau da yawa mai ne ke zurara ta wuyan sufaf cikin dare. Wanga gyara bai kai na zobba tsada ba.

Amma kafin a buɗe inji, a ja sandar awon mai a duba. Sandar na da zane biyu. Mai shi tsaya tsakaninsu. In yaron mota ya zuba ya wuce zanen bisa, inji shina yin shuɗin hayaƙi alhali lafiyarshi lau. Haka in an cika kwanon matatar iska ya wuce zane. A rage mai, magana ta ƙare.

Akwai haɗari guda da ya kamata kowa shi sani. In baƙin mai mai yawa ya samu hanyar shiga turmi, inji shina iya haukacewa. Shi riƙa gudu shi kaɗai, ƙara na ƙaruwa, hayaƙi ya rufe wuri. Ko an kashe makulli ba shi mutuwa, domin ba gazuwal shi ke sha ba, man jikinshi shi ke sha. Maganinshi a hana mishi iska. A toshe bakin shigar iska da allon katako. Kada a sa hannu. Ko direba shi taka birki da ƙarfi, shi sa babbar giya, shi saki kuloci. Sauran jama'a su ja da baya, domin inji na iya fashewa.

Farin hayaƙi

Farin hayaƙi iri ukku ne. Sai an bambanta su.

Na fari, na ɗari. Cikin Disamba da Janairu, in anka tada mota da asuba, tana yin farin hayaƙi na ɗan lokaci. In inji ya yi zafi ya daina, babu komi.

Na biyu, gazuwal ne ɗanye da bai kama wuta ba. Shina da warin gazuwal, shina sa ido yaji. Mota na wuyar tashi, inji na tsalle. Dalili shi ne iska ta shiga hanyar gazuwal, ko gazuwal na da ruwa, ko famfo ba shi fesawa kan lokaci, ko turmi ya daina matse iska da kyau.

Nan in ja kunnenku bisa gazuwal na kwalba da na bido. A zuba kaɗan cikin farar kwalba, a ajiye. In da ruwa, shina kwantawa ƙasa, domin ruwa ya fi gazuwal nauyi. A tace da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba a tanki. Kada a gauraya da kananzir don araha. Gazuwal na da santsi da ke shafe cikin famfo, kananzir ba shi da shi kamar haka. Araha ba ta ado.

Na ukku shi ne mugun. Tururin ruwa ne. Ba shi sa ido yaji, kuma shina watsewa da sauri. Tsakanin kulas da turame akwai shimfiɗa mai hana ruwa da mai da wuta haɗuwa. Sunanta juwan kulas, wato gaskit. In ta ƙone, ko kulas ya tsage, ruwa shi shiga turmi. Ga shaidu 4:

1. Ruwan radiyatar na raguwa kullum, amma ba a ga ɗigo a ƙasa ba.
2. In anka buɗe radiyatar inji na da sanyi, anka tada shi, sai a ga kumfa na tasowa.
3. Baƙin mai ya canza launi, ya koma kamar shayi da madara.
4. Allurar agogon zafi na hawa.

In kunka ga haka, mota ta tsaya. Iska na matsuwa, ruwa ba shi matsuwa. In ruwa ya taru cikin turmi, fistan ya hau ya same shi, sandar fistan ta lanƙwashe ko ta karye.

Mafarin wanga ciwo zafi ne. Inji shina son zafi tsakanin digiri 80 da 90. Cikin Afrilu da Mayu, rana kanta na wuce digiri 40 a Adar. In radiyatar ya toshe da ƙura da ƙaiƙayi, ko ruwa ya ragu, sai zafi shi wuce iyaka. Abu biyu ba a yi ma inji mai zafi. Ba a buɗe murfin radiyatar, ruwa na iya tsalle shi ƙone fuska. Ba a kwara mishi ruwan sanyi, ƙarfe na tsagewa kamar tukunyar ƙasa da anka sauke daga wuta anka zuba ma ruwa. A jira shi huce. Kuma ruwan rijiya da yawa na barin farin dutse cikin radiyatar, kamar wanda ku ke gani cikin butar shayi. Ruwan sama da anka tace ya fi.

Sauraren ƙara

Yanzu mu koma ga kunne. Da fari a tabbata ƙarar daga inji ta ke. A tsaida mota, a ja birkin hannu, a sa waigi ga taya, a bar inji na tafiya. In ƙara ta ɓace, ba ta inji ba ce, a nemi ta wajen taya ko giya ko ƙarƙashin mota. In tana nan, a taka kuloci. In ta canza, wajen kuloci ko giya ta ke. In ba ta canza ba, ta inji ce.

Likita na da abin sauraren ƙirji. Makanike na da busasshen icce, tsawon kamu ɗaya. A ɗora bakinshi bisa inji, ɗaya bakin ga kunne. A riƙa canza wuri, bisa da ƙasa, gaba da baya. Inda ƙara ta fi ƙarfi, nan ciwo shi ke. Amma a tuɓe babbar riga, a naɗe rawani da kyau. Fankar inji in ta kama jelar rawani, ba ta saki.

Ga ƙararraki 7 da ma'anarsu.

1. Cak-cak-cak daga bisa, kamar keken ɗinki. Sufaf ne ke son a daidaita su. Ratar da a ke bari ƴar kaɗan ce, ga injuna da yawa kamar kaurin takarda 2 ko 3. Aikin awa guda ne a garaji.

2. Ƙara mai kaifi, kamar maƙeri na bugun ƙarfe, daga turmi guda. Sau da yawa anjaktar ne. Makanike shina sassauta bututun anjaktar ɗaya bayan ɗaya. Wanda anka sassauta ƙara ta ɓace, shi ne mai ciwo. Ku bar ma makanike wanga aiki. Awon iskar tayar babbar mota 7 ne ko 8. Awon feshin anjaktar ya kusa 200. Shina huda fata, gazuwal shi shiga nama. Wanda abin ya sama, shi tafi likita nan take, ko da hudar ƙarama ce.

3. Ƙwal-ƙwal kamar ana buga tulu wofi, da safe, tana raguwa in inji ya yi zafi. Fistan ya yi sako-sako cikin turmi. Tsufa ne. Mota na iya aiki, amma mai ita shi fara tara kuɗɗin gyara.

4. Dum-dum mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Tana ƙaruwa in anka taka totur, kuma allurar agogon mai ta faɗi. Kusine ne, wato metal, matashin da babban ƙarfen inji ke juyawa bisanshi. Wagga ita ce mafi muni. A kashe inji nan take. In anka tsaya da wuri, a canza kusine, a gyara ƙarfen. In anka ce bari mu lallaɓa mu kai gari, sandar fistan na iya fasa jikin inji ta fito waje.

5. Kuka mai tsini, lokacin tashi ko taka totur. Fambel ne ya saki. A kashe inji, a danna shi da babban yatsa. In ya lotsa fiye da faɗin yatsa guda, a ɗaure. In ya tsattsage, a canza. Direba mai hankali ba shi fita daji babu wani a ajiye, domin in fambel ya tsinke, fanka da famfon ruwa sun tsaya.

6. Gurnani daga gaban inji, kamar dutsen niƙa. Famfon ruwa ne ko abin cajin batir. In da ɗigon ruwa ƙarƙashin famfo, shi ne.

7. Fut-fut daga gefen inji, da baƙin tabo wurin. Hayaƙi ne ke fita kafin shi kai salansa. A gyara da wuri, domin shina shiga inda direba ke zaune, shi sa mishi ciwon kai da barci.

Alamu ukku na tsayawa

Ba kowane ciwo ke tsaida mota ba. Amma waɗanga ukku, ko ina anka gan su, tsayawa a ke yi:

Dum-dum daga ƙasan inji, ko allurar mai ta faɗi, ko jar fitilar mai ta kama.

Farin tururi tare da zafin inji da raguwar ruwa.

Inji ya fara gudu shi kaɗai, ba a taka totur ba.

Ku fasinja, ku ma kuna da hannu ciki. In direba ya tsaya don ɗaya cikin waɗanga, kada ku dame shi da cewa kasuwa za ta watse. Gara kwana guda bakin hanya da mako guda. In kuma kunka ga hayaƙi ya canza launi kuna bisa kaya, ku buga mishi shi sani. Ku kun fi shi ganin salansa.

Hayaƙi da lafiyarku

A shekarar 2012, masu binciken Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, sun tabbatar hayaƙin gazuwal na kawo kansar huhu. Mai goyo kada ta zauna gefen salansa. Kada kowa shi kwanta ƙarƙashin mota don inuwa ko ɗumi inji na tafiya. Kada a tada inji cikin ɗaki rufe. Injin niƙa kuwa, a fitar da bututun hayaƙinshi waje, bisa da kan mutane. Mata da yara ke tsayuwa wurin kullum suna jiran gari.

Duban safe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a tada inji kowace safiya, a yi abu 5:

1. A ja sandar mai, a duba yawanshi da launinshi.
2. A duba ruwan radiyatar.
3. A danna fambel.
4. A leƙa ƙarƙashin mota, ko akwai ɗigon mai ko ruwa.
5. A tada inji, mutum guda shi tsaya baya shi duba hayaƙi, direba shi saurari ƙara, shi duba allurar mai ta hau. A bar shi minti 5 kafin a tashi.

In ƙungiyarku za ta sayi tsohuwar mota ko tsohon injin niƙa, ku tafi da safe. Ku taɓa inji ku ji da sanyi, sannan a tada shi gabanku. Inji mai zafi na ɓoye ciwo. Ku ja sandar mai kuma. In mai ya yi kauri kamar zuma, shina yiwuwa an zuba shi don ɓoye hayaƙi da ƙara.

Amfanin karatunku

Nan ne karatun da ku ke yi ke shigowa. Kowane inji shi samu kaye nashi, ɗan littafin rubutu. A rubuta ranar da anka yi bidanji, wato juyen baƙin mai. A rubuta kowace lita da anka ƙara. A rubuta ranar da anka wanke matatar iska. A rubuta ranar da anka fara ganin hayaƙi ko jin ƙara, da irinsu.

Tsohuwar mota mai bin hanyar ƙura, shawarata kada ta wuce kilomita dubu 5 ba a yi bidanji ba. In agogon kilomita ya mutu, a ƙidaya tafiya. Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne. Zuwa da komowa 800. Tafiya 6 ta ba da 4800, lokaci ya yi. Tawa zuwa Abalak wajen 135 ne. Zuwa da komowa 270. Tafiya 18 ta ba da 4860. Injin niƙa kuwa, awoyin aikinshi a ke rubutawa.

Littafin shina gaya muku abin da ido ba shi gani. In bara lita 1 a ke ƙarawa kowace tafiya, bana 3, ciwo na girma ko da hayaƙi bai yi yawa ba. Kuma in kunka je garaji da littafi, kunka ce: «Shuɗin hayaƙi ne, da safe kaɗai, tun mako 3, mai na raguwa lita 1 kowace tafiya», makanike ya san inda za shi fara. Ba shi buɗe inji duka a banza. Wanda ya ce «mota ba ta da lafiya» kawai, shi ke biyan kuɗɗin lalube. Littafin kuma shina raba gardama tsakanin mai mota da direba, da tsakanin ƙungiya da mai kula da injin niƙa.

Ƴan uwa, ba kowa ke zama makanike ba. Amma kowa na iya riƙe wanga: baƙi, a duba iska da gazuwal, shuɗi, a duba baƙin mai, fari, a duba ruwa. Ƙara daga bisa tana jira a kai garaji. Ƙara mai nauyi daga ƙasa ba ta jira. Ku gaya ma ɗiyanku da ke aikin mota, ku gaya ma mai injin niƙa na garinku.

Allah shi kiyaye hanya. Allah shi ƙara muku basira ga karatu.

Tambayoyi domin tattaunawa a makaranta

1. Mi a ke fara dubawa in anka ga baƙin hayaƙi?
2. Ƙaƙa a ke bambanta tururin ruwa da hayaƙin ɗanyen gazuwal?
3. Waɗanne alamu ukku ke tsaida mota nan take?
4. Mota na zuwa Abalak ta komo sau 2 kowane mako. Bayan mako nawa za ta yi tafiya 18?
5. Injin niƙa na garinku, wane launi hayaƙinshi ke da shi? Ina bututun hayaƙin ke fita? Ku duba, ku rubuta, ku aiko ma jaridarku da amsa.